Amsoshin Wasiƙunku: Ɗaukar Hoton Iyali Da Hasken Rana

A wannan mako wasiƙu uku muka ware, domin duka ukun a kan abu guda suke magana, watau ɗaukar hoton iyali da yara da 'yar ƙaramar kyamarar nan ta sa wa a aljihu.

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Funtuwa. Bayan gaisuwa, ya ce da ya sayar da waken suyarsa sai ya sayi kyamara ta hannu a kasuwa. Ranar sunan ɗansa ya tara iyali a tsakar gida bayan azahar ya ɗauke su hoto, amma da ya duba sai ya ga riguna sun fito fari fat, fuskoki kuwa baƙi ƙirin, ba ka bambance wa da ƙane. Da ya shiga ɗaki ya sake gwadawa, sai na gaba suka yi fari kamar an watsa musu gari, na baya kuma duhu ya haɗiye su. Ya ce abin da ya fi damunsa shi ne mahaifinsa ya haura shekara tamanin, jiki kuma ya fara ƙi, ga shi ba shi da wani hoto sai na katin zaɓe. Ƙanensa da ke neman kuɗi a Legas kullum roƙonsa yake ya aika masa hoton tsoho tare da jikoki. Shi ne yake tambaya, shin kyamarar ce ta lalace, cutarsa aka yi?

To Malam, da farko Allah ya raya abin da aka samu, ya kuma ba Baba lafiya. Kwantar da hankalinka. Bisa ga yadda ka bayyana, kyamararka lafiyarta lau. Lokaci da wurin da ka tsayar da mutanen ne suka ɓata maka aiki, kuma gyaran wannan ba ya cin ko sisi.

Bari mu soma daga tushe. Ita kyamara ba abin da take ɗauka sai haske. Fiye da shekara dubu da ta wuce, wani masani haifaffen Basra mai suna Ibn al-Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi bayani a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne yake tasowa daga jikin abu ya shiga ido, shi ya sa muke gani. Ya kuma yi gwaji da ɗaki mai duhu wanda aka huda wa 'yar ƙofa. Wataƙila wasunku sun taɓa ganin haka: kana kwance a ɗaki da rana, ƙofa a rufe, sai ka ga siffar masu wucewa a jikin bango, kai a ƙasa ƙafa a sama, ta wata 'yar huda a jikin ƙyaure. To kyamara ke nan. Ita kanta kalmar daga harshen Latin ta samo asali, ma'anarta ɗaki. Hoto mafi tsufa da ake da shi a yau wani Bafaranshe ne mai suna Niépce ya ɗauka ta tagar gidansa wajen 1826, kuma sai da haske ya yi aƙalla awa takwas yana shiga akwatin kafin siffa ta zauna. Taka kyamarar a cikin ƙiftawar ido take yin wannan aiki, amma har gobe da haske take aiki. In haske ya yi kyau hoto ya yi kyau.

Sai dai akwai inda idon mutum ya fi ta nesa ba kusa ba. Kai in ka dubi mutum sanye da farar shadda a cikin rana, kana ganin aikin wuyan rigar, kana kuma ganin fuskarsa. Kyamara ba ta iya riƙe haske mai tsanani da inuwa mai duhu a lokaci guda. Tana auna hasken da ke gabanta ne ta nemi tsaka-tsaki. In fararen riguna da farin yashi suka cika mata ido, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, kuma fuska ce take biyan wannan bashi, balle ma fatarmu da ke da duhu. Ga kuma rana. A wannan yanki namu, daga walaha zuwa bayan azahar rana a tsakar ka take, haskenta daga sama yake saukowa. Goshi ya yi wa ido inuwa, hanci ya yi wa baki inuwa, hula ko rawani ko malfa su rufe sauran. Mutane kuma su yi ta mutsuttsuke ido saboda ƙyalli. Abin da ya same ka ranar suna ke nan.

Saboda haka abu na farko, sauya lokaci. Ka ɗauki hoto da sassafe, daga fitowar rana zuwa hantsi, ko kuma da la'asar sakaliya, lokacin da ka ga inuwarka ta fi ka tsawo. A wannan lokaci rana ta sunkuyo, haskenta daga gefe yake zuwa, ya yi laushi, yana shiga ƙarƙashin hula ya haska ido. Amma kada ka yi nawa da yamma, domin ka san a wajenmu rana na faɗuwa duhu ba ya jinkiri. Ka gama aikinka tun da sauran kamar rabin awa a kira magariba.

Abu na biyu, sauya wuri. In dole sai da tsakar rana za a yi, kamar ranar suna ko ɗaurin aure da baƙi ke son komawa, to nemi inuwa mai faɗi wadda sararin sama ke gabanta: gindin katanga, bakin rumfa, ko ƙofar zaure. Ka tsayar da mutane daga cikin inuwar, dab da bakinta, suna fuskantar waje inda haske yake, kai kuma ka ba hasken baya. Ka yi hattara da gindin darbejiya ko mangwaro in rana na ratsa ganye, domin fuska za ta fito dabbare-dabbare. Dubi fuskokin tukuna, in ka ga tabon rana a kumatu ko a goshi, matsar da su. Kada kuma ka haɗa rabin mutane a rana rabi a inuwa. Ko duka a inuwa, ko duka a hasken yamma.

Abu na uku, kada ka tsayar da mutum a bakin ƙofa ko taga kai kana daga cikin ɗaki kana fuskantar waje. Hasken bayansa zai rinjayi kyamara, ya fito baƙi kamar inuwa. Ku sauya wuri: shi a ciki yana kallon ƙofa, kai a bakin ƙofa, ka ɗan kauce gefe don kada ka tare masa haske.

Yanzu sai maganar Baba. Tunda jiki ba ƙarfi, kada a wahalar da shi da tsayuwa a rana. Da hantsi a ajiye masa kujerarsa ko buzunsa taku ɗaya ko biyu daga cikin ƙofar zaure, a ɗan karkata shi yadda haske zai sauka a gefen fuskarsa. In ka ga ɗaya gefen ya yi duhu da yawa, sa yaro ya riƙe farin zane ko farar riga a wannan gefen, kusa da shi amma ba a cikin hoto ba. Farin ƙyalle yana mayar da haske, za ka ga duhun ya ragu nan take. Jikoki ƙanana su zauna a tabarma a gabansa, manya su durƙusa a gefe da gefe, kawuna kusa da juna, jaririn kuma a cinyarsa in zai iya riƙewa. Bayan ka ɗauki na taro, sallami yaran, ka matso ka ɗauki Baba shi kaɗai daga ƙirji zuwa sama. Ka ja shi da hira, tambaye shi labarin noman auduga na zamaninsu, ka danna yana cikin magana ko murmushi. Irin wannan hoton ne ƙanenka zai duba ya ce lalle wannan Baba ne. Kuma Malam, kada ka ce sai Salla in an yi sabon ɗinki. Ka ɗauka a wannan makon da rigar da ke jikinsa, in Allah ya kai mu Salla a sake wani.

Kada ka raina wannan dabara ta tsakar gida. A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Saidu Keita, wanda ya buɗe wurin aikinsa a 1948. Yawancin hotunansa a tsakar gidansa ya ɗauke su da hasken rana, kuma a farkon aikinsa zanen rufe gadonsa ne yake ratayawa a bayan mutane. Kafin rasuwarsa a 2001 an baje kolin hotunan nan nasa a manyan biranen Turai da Amurka. Kai ma kafin ka danna, dubi bayan mutanenka. Kawar da bokiti da igiyar shanya, ka lura kada turke ko reshe ya zama kamar daga kan wani ya tsiro. Bangon ƙasa mai sumul ya isa, ko a rataya zane mai launi ɗaya.

Game da hoton cikin ɗaki da ka ce na gaba sun yi fari, wannan aikin 'yar fitilar nan ne mai walƙiya da ake kira filas. Ta ƙaramar kyamara ba ta da ƙarfi, da ƙyar haskenta ke wuce mita 3 ko 4. Kuma haskenta yana raguwa da sauri: wanda ke mita 2 daga gare ka kashi ɗaya cikin huɗu kawai yake samu na hasken da wanda ke mita 1 ya samu. Shi ya sa na gaba ya ƙone, na baya ya ɓace. Nemi maɓallin da ke da alamar walƙiya, ka danna har ka ga alamar an ja mata layi, watau ka kashe ta. Sannan ka buɗe ƙofa da taga, ka kawo mutane kusa da haske. Wuri guda da filas ke da amfani da rana shi ne in ya zama tilas ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu a tsakar rana daga kusa, to kunna ta, za ta kore inuwar ƙarƙashin hula.

Akwai kuma wata alama a yawancin kyamarori, ta ƙari da ragi, +/-. In ka ɗauka ka duba allon baya ka ga fuska ta yi duhu saboda farar riga, shiga wurin wannan alama ka ɗaga zuwa +1, ka sake ɗauka. Rigar za ta ƙara haske, amma fuska za ta fito, kuma ai fuskar ake nema. In ka gama ka mayar da ita kan sifili, kada ka manta.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce mai sayar da atamfa a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar. Ta ce 'yarta da ke aure a nesa ta bar mata kyamara don ta riƙa aika mata hoton ƙannenta, amma duk hoton da ta ɗauka sai ya fito dishi-dishi kamar ana kallo ta cikin ruwa. In kuma ta daka wa yaran tsawa su tsaya, sai su ƙame kamar an kai su gaban alƙali.

To Hajiya, mun gode da wasiƙa. Dishi-dishi iri uku ne, kowanne da maganinsa. Na farko, hannu ne ya motsa. Riƙe kyamara da hannu biyu, ki manne gwiwar hannunki a haƙarƙari, ki ɗan riƙe numfashi, ki danna a hankali. In da bango kusa, jingina. In haske ya yi ƙaranci, kife turmi ki ɗora kyamarar a kai. Na biyu, kyamara ba ta gama saita ido ba aka danna. Maɓallin ɗaukar hoto hawa biyu gare shi. Ki saita tsakiyar allon a kan idon yaro, ki danna rabi, za ki ji ɗan ƙara ko ki ga koren akwati ya bayyana, sannan ki ƙarasa dannawa. Mai danna shi gaba ɗaya da ƙarfi ba ya ba kyamara damar saitawa. Na uku, yaron ne ya motsa. In haske kaɗan ne, kyamara takan daɗe ido a buɗe, duk motsin da aka yi a wannan lokaci sai ya zama jirwaye. In haske ya wadata takan buɗe ta rufe a cikin kashi ɗaya bisa 250 na daƙiƙa ko ƙasa da haka, sai ta kama yaro ko yana tsalle. Saboda haka fito da su waje da safe ko da yamma. In kyamararki tana da alamar mutum mai gudu, juya zuwa gare ta, don irin wannan aka yi ta. Ki kuma rage jawo hoto daga nesa da zum, domin yana ƙara bayyana rawar hannu. Taka da ƙafarki ki matsa kusa.

Maganar ƙamewa kuwa, Hajiya, daina ce musu su tsaya. Ba su abin yi. Sa su ɓarar gyaɗa a tabarma, ko 'yan mata su yi carafke, ko ƙaramin ya rungumi ɗan akuya. Ki zauna kusa da kyamara a hannu har su manta da ke. Ki tsuguna daidai tsayinsu, domin in kina tsaye kina ɗauka daga sama, kai ne zai fito ƙato, ƙafafu 'yan mitsi-mitsi. Ki ɗauki biyar ko goma, ki zaɓi ɗaya, tunda kyamarar zamani mai katin memori ba fim take ci ba. Da can da ake sayen fim mai hoto 24 ko 36 dole a yi tsimi, yanzu kuwa sai dai ki goge wanda bai yi ba. Jariri kuma a bar shi a cinyar uwa ko kaka a bakin ƙofar ɗaki inda haske ke shigowa, a kashe filas don kada ya firgita. In kina son ke ma ki fito a ciki, nemi alamar agogo, ki ɗora kyamara a kan turmin nan, ki danna, za ta jira daƙiƙa 10 kafin ta ɗauka. Iyaye mata da yawa sukan tara hoton 'ya'ya, su kuwa ba su a ko ɗaya, alhali watarana nasu za a fi nema.

Wasiƙa ta uku daga wani falke ce mai fataucin dabbobi a Potiskum. Ya ce kyamararsa ta farko idonta ya maƙale a lokacin hunturu, ya ƙi fita ya ƙi komawa, har ya haƙura da ita. Yanzu ya sayi wata, yana tambayar yadda zai kiyaye ta, da kuma yadda zai adana hotunan.

To Alhaji, ƙura ce ta kashe maka ta farko. Idon ƙaramar kyamara yana fitowa yana komawa ne a kan wasu 'yan ƙananan haƙora, kuma ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga tsakani tana iya tsayar da shi. Saboda haka daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa, sa ta a leda mai tsabta ka ɗaure, sannan ka sa a jaka. Kada ka jefa ta aljihu ɗaya da goro da makulli. Kada ka goge gilashin da bakin riga, domin ƙurar da ke jikin rigar za ta karce shi. Ka fara kaɗe ƙurar da burushi mai laushi, sannan ka goge da irin ƙyallen goge tabarau. Kada ka bar ta a gaban mota ko a akwatin babur cikin rana, zafi yana kashe batir. In za ta daɗe ba a amfani da ita, cire batiran don kada su zubar da ruwa a ciki. Amma hazo yana da nasa alheri: ranar da ya lulluɓe rana haske yakan yi laushi, kana iya ɗaukar hoton mutum a fili ko da walaha. Haka ma ranar da hadari ya rufe sama da damina. Kuma duk abin da muka faɗa game da haske yana aiki in raguna ko shanu za ka ɗauka ka aika wa mai saye. Ɗauke su da safe, rana a bayanka ko a gefenka, dabbar ta ba ka haƙarƙari, sai launinta da ƙibarta su fito sosai.

Wajen adanawa, kada ka dogara da katin memori kaɗai, yana ɓacewa, yana kuma lalacewa ba sallama. Waɗanda suka fi muhimmanci kai su a wanke maka a takarda, ka kuma sa a kwafe su a wayar wani ɗan'uwa ko a kwamfuta, su zama a wuri biyu. Na takarda a sa su cikin albam, a ajiye a akwatin ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa saboda gara da laimar damina, kada a liƙa a bango inda rana ke dukansu su koɗe. A bayan kowane hoto rubuta da fensir sunayen waɗanda ke ciki, da gari, da shekara. Yau kowa ya san su, amma jikanka ba zai sani ba sai ka rubuta.

Kafin mu rufe, ga wata 'yar tunatarwa ga kowa. Nemi izini kafin ka ɗauki mutum, musamman matan aure da 'ya'yan maƙwabta. Wanda ya ce ba ya so, ƙyale shi, kada a yi gardama. Hoton cikin gida kuma na 'yan gida ne. Da zarar ka tura shi a WhatsApp ko Facebook ya fita hannunka, ba ka san wayar da zai kwana ba, saboda haka yi shawara da masu fuskar kafin ka tura. Masu ɗauka da wayar salula kuma, duk bayanin nan na lokaci da inuwa da tsugunawa ya shafe ku, domin ita ma da haske take aiki.

Malam na Funtuwa, muna jiran wasiƙarka ka gaya mana yadda hoton Baba ya fito, ka kuma gaishe mana da shi. Jama'a, iyakar abin da lokaci ya ba mu ke nan a wannan mako. A ci gaba da aiko da tambayoyi, a rubuta sunan gari sosai yadda za mu iya karantawa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.